Iya Mai Maina

Allah ne ya ba mu aronta, shi ne kuma ya karɓi abarsa. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta na girma. A Gashua ta rasu cikin bazarar nan da ta wuce, a ɗakin da ta ƙarar da ƙarfinta tana jinyar 'ya'yan mutane.

A bakin ƙofar ɗakin na yi zaman makoki. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, kallo ne nawa, kuma na kalla. Mata sun zo, ba laifi. Waɗansu daga unguwa, waɗansu sun biyo a-kori-kura daga Jakusko, har da wata tsohuwa daga Kumagannam da ta kawo gero kasuwa ta ji labari a bakin masu awo. Kowacce ta shigo sai ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Iya," sannan ta ja tabarma can gindin katanga, nesa da ɗakin. Masu goyo ba su kwance goyo ba. Wata aka miƙa mata ruwa a kofi, ta riƙe, ta riƙe, ta faki ido ta ajiye ba ta sha ba. Na gan ta.

Maƙwabciyarmu ce kaɗai, wata Babarbariya da suka tsufa tare da Yaya katanga ɗaya, ta zo ta zauna gwiwarta na gugar tawa. Ta gaishe ni da wushe-wushenta, sannan ta dubi matan ta ce, "Ku matso mana. Ƙurajen an binne su tare da mai su, ba a bar muku gado ba."

Waɗansu suka yi dariyar kunya, amma ba wadda ta matso. Daga can baya na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita, irin raɗan da ake so a ji: "Ita ce fa ta tare ƙofa. Yarinya ta zo tun daga Nguru da tsohon ciki, ta hana ta ganin kakarta." Ɗayar ta ce, "Wannan ai ba zuciya gare ta ba."

Da ni suke. Wurin makoki ba wurin shari'a ba ne. Amma tunda abin da za su riƙa tunawa da shi ke nan in an ambaci Yaya, gara in faɗi wace ce ita, da yadda aka yi aka zo ga ƙofar.

Mutanen gari Iya Mai Maina suke ce mata, saboda bishiyar maina da ke tsakar gidanta, wadda mutanen Kano ke ce wa darbejiya. Aikinta ɗaya ne: ƙarambau, cutar nan ta yara mai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi, da ke zagaye unguwa in zafi ya shigo. Ba ta yin maganin mayu, ba ta ɗori, ba ta karɓar haihuwa. In an kawo mata wani ciwo daban sai ta ce, "Ba layina ba ne, ku yi gaba."

Abin ya samo asali tun tana amarya. Akwai wata mata a gidan da ke kallon nasu, tana da ciki ya tsufa, ɗanta ya kwaso ƙarambau a wurin wasa. Uwa ce, ta rungumi ɗanta ta yi jinya. Yaron ya warke ya koma wasansa. Ita kuwa cutar ta kama ta, ta kwantar da ita har aka cire rai, jaririn da ta haifa bai kai suna ba. Yaya ce ta yi masa wanka. Daga ranar ta kafa doka, ba wanda ya sa ta: duk gidan da yaro ya yi ƙarambau alhali akwai mai ciki ko mai jego, a kawo mata yaron, sai ya bushe a zo a ɗauka. Ita ta yi nata tun tana ƙarama, ta ce ba abin da zai ƙara yi mata.

Na sha ganin yadda take yi in na zo daga Nguru, inda nake aure a lokacin. Da sassafe ta tsinko ganyen maina ta dafa a babbar tukunya, ta bar shi ya huce sai ya yi ɗumin jiki. Ba ta cuɗa yaro, zuba masa take da ƙoƙo a hankali, sannan ta ɗauko tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi ta riƙa dafa jikin da shi. Ta jiƙa farar ƙasa a kwano, ta ɗiga wa kowane ƙurji da gashin kaza, yaro ya fito kamar zabo. Ta shimfiɗa ɗanyen ganye a tabarma ya kwanta a kai. Abinci kunun tsamiya ne mai sanyi-sanyi, ba yaji, ba mai, don akan sami ƙurajen har cikin baki. Ruwa kuwa ba ta gajiya da ɗura musu.

Amma babban yaƙinta da hannu ne. Yaro na shigowa, kafin ya zauna, ta yanke masa farce ƙal. Ƙananan ta ɗinka musu 'yan jakunkuna da tsumma ta zura musu a hannu ta ɗaure a wuyan hannun. Manyan kuwa ta ba kowa damin ganye ta ce, "In ya ci ka, ka shafa da wannan. A dafa ake yi, ba a sosawa. Ƙurjin zai tafi abinsa, farcenka ne zai zauna maka a fuska har ka yi gemu."

Akwai wani yaro ɗan wani attajiri, mutanen Haɗeja ne da suka zauna a gari suna sayar da atamfa. Ya shekara kamar bakwai, bakinsa ya fi shi girma. Ya ce da ita, "Iya, in Babana ya zo sai na gaya masa kin ɗaure ni kamar akuya."

Ta ce, "Gaya masa. Shi ma in ya yi susa a gidan nan ɗaure shi zan yi, da rawaninsa da komai."

Uban ya zo kuwa ana jibi Sallah, wai a ba shi ɗansa ya sa sabon kaya. Matarsa na jego. Yaya ta tsaya a zaure ta ce, "Alhaji, kayan Sallah ba sa ruɓewa. Ka je ka dubi jaririn da ke ɗakinka, ka dawo ka sake tambayata." Ya tafi yana faɗa. Ranar Sallah ita ta yanka zakaranta ɗaya tilo ta yi wa yaron romo marar yaji, ta zauna tana ba shi labarin kada da masunta don ya manta da hannunsa. Wannan yaron ya zo gaisuwar rasuwarta, ƙato da furfura a gemu, ya tsaya a zaure ya aiko a kira ni. Da na fito, sai shafa kumatunsa yake, sumul babu tabo.

Ba ta da taurin kai a kan asibiti, wannan kam a shaide ta. In ta ga numfashin yaro yana sauri, ko ƙurji ya kumbura ya yi ja yana fitar da mugunya, ko yaro ya ƙi shan ruwa yana ta barci, ba ta jiran uba ya dawo daga gona. Ta goya shi ta nufi asibiti da ƙafa. Abin da ba ta yafewa shi ne a goga wa yaro toka da kanwa, ko a lulluɓe shi da bargo wai don cutar ta fito. Ta taɓa korar wata kaka daga gidanta a kan haka, ta bi ta har ƙofa tana cewa, "Ɗan mutum ne, ba daddawa ba."

Sai dai aikin ya ci mata mutane. Gidan da aka sani da cuta ba a aiken yaro mai lafiya cikinsa. Ba a zuwa aron turmi, ba a zuwa ɗiban wuta. In an yi biki a unguwa a aiko mata da abinci a tsaya daga zaure a miƙa. Yaran da ta yi jinya kuwa abin da suka riƙe shi ne tsohuwar da ta ɗaure musu hannu. Suna warkewa suke gudu, in sun hango ta a hanyar kogi su canja lungu. Takan ce da ni, "Ƙyale su. Wa ke son tuna ƙaiƙayi?" Ta faɗa tana dariya, amma na ga yadda take bin bayansu da ido.

Mijinta manomin shinkafa ne, ya rasu da wuri. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, ita ma ta rasu ta bar yarinya tana rarrafe. Wannan jikar ita ce duk abin da Yaya ta mallaka. Ƙawata take ce mata. Yarinyar kuma ta raba mu da suna, ita Iya Babba, ni Iya Ƙarama.

A kan yarinyar nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Duk shekara, da an kawo yaro na farko mai ƙuraje, sai Yaya ta ɗaure wa jikarta kaya a ɗankwali ta sa ta a motar Nguru, a kawo min ita, sai cutar ta bar gari ta koma. Shekara ta bi shekara. Da yarinyar ta fara tasawa na zo da kaina na same ta tana tace farar ƙasa.

Na ce, "Yaya, ki bar yarinyar nan ta yi abin nan tun tana ƙarama. Ke da bakinki kike cewa na yaro sauƙi ne, na babba ne wahala."

Ta ce, "Ba za ta yi ba."

"Kina jinyar na kowa, kina ɓoye taki. In ta girma ya same ta a ɗakin miji fa?"

Ta ajiye kwanon. "Na binne uwarta. Ba zan zauna ina kallon wannan tana kuka ina ɗaure mata hannu ba. 'Ya'yan mutane zan iya. Ita ba zan iya ba."

Na ce son zuciya ne, ba ƙauna ba. Ta ce in tashi in bar mata gida tunda ni ban san zafin haihuwa ba. Ta san inda ta soka, don ni Allah bai ba ni ba. Na ɗauki mayafina na fita. Damina ta zo ta wuce ba mu gaisa ba. Da zafi ya dawo sai ga yarinyar a ƙofata da ƙullin kayanta, da ƙullin busasshen kifi, wai in ji Iya Babba a ba Iya Ƙarama. Haka Yaya ke ba da haƙuri. Na karɓi kifin, na karɓi yarinyar. Ta girma ba ta taɓa yin ƙarambau ba.

Zamani ya juya. Kemis ya yi yawa, aka sami ruwan maganin nan mai kama da alli da ake shafawa. Yaya ta shinshina shi ta ce, "Farar ƙasa ce ta shiga kwalba," ta riƙa amfani da shi in an kawo. Amma kawo yara ya ragu, ya ragu, har ya tsaya. Matan yanzu sun fi son su tambayi waya. Mijina ya rasu, na tattaro na dawo Gashua muka zauna tare, tsofaffi biyu da bishiya. Jikar kuma aka kai ta Nguru, gidan wani ɗan kasuwa. Muka yi musaya da ita ke nan. Ta daɗe ba ta samu ciki ba, da ta samu ya zube. Sai a bara aka aiko cewa wani ya zauna.

Yaya dama ƙafafunta sun jima suna kumburi, in ta je bakin rijiya sai ta huta kafin ta dawo. Da zafi ya tsananta ta fara kukan gefen haƙarƙarinta, wai kamar an ɗora mata garwashi. Bayan kwanaki ƙuraje masu ruwa suka fito a jere, daga baya suka zagayo zuwa ƙirji, gefe ɗaya kawai. Ba mu taɓa ganin irinsu ba. Na kira wata ma'aikaciyar asibiti da ke unguwarmu ta duba.

Ta ce, "Iya, kin taɓa yin ƙarambau?"

Yaya ta ce, "'Yar nan, ni kike tambaya?"

Ta yi mana bayani cewa cutar ba ta barin jiki gaba ɗaya, kwanciya take, in mutum ya tsufa ƙarfi ya ragu sai ta farka ta fito a haka. Ta ce ruwan ƙurajen zai iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau. Ta ba da magani ta ce a rufe wurin da tsumma mai tsabta.

Yaya ta ce, "Ashe yana ciki yana jirana." Sannan ta dubi ma'aikaciyar. "Mai ciki fa, wadda ba ta taɓa yi ba?"

"Ta yi nesa, Iya, sai sun bushe."

Da ma'aikaciyar ta fita Yaya ta kama hannuna. Ba ta ce na faɗa mata gaskiya a da ba, ni ma ban tuna mata ba. Cewa ta yi, "Za ta ji, kuma za ta zo. In ta zo ke ce ƙofa. Ko na yi kuka, ko na kira ta da bakina, kada ki buɗe. Ki rantse."

Na rantse.

Ta zo kuwa. Wata ranar kasuwa da azahar na ji sallamarta, na fito na same ta a tsakar gida, ciki ya yi gaba, ƙafa duk ƙurar mota, tana riƙe da kwanon fura. Na tsaya a ƙofar ɗakin, asabari a sake a bayana.

Ta ce, "Iya Ƙarama, matsa in wuce."

Na ce, "Ba za ki shiga ba." Na gaya mata dalili.

"Ba zan taɓa ta ba. Daga nan bakin ƙofa zan leƙa."

Sai muryar Yaya ta fito daga ciki, ta ƙarfafa ta kamar lafiyarta ƙalau. "Ƙawata, kin zo rabon gado tun ban mutu ba? Tukunyar maina ce kawai, kuma ta tsage."

Yarinyar ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. "Iya, fuskarki kawai zan gani."

"Na san ki. In kin gan ni sai kin faɗo kaina. Fuskar ma ba abin gani ba ce, ta koma irin ta Iyarki Ƙarama."

"Iya, don Allah."

"Zauna a turmin nan ki ba ni labari. Yana motsi?"

Ta kifa turmi ta zauna. Suka yi ta hira ta cikin asabari, ni ina tsaye a tsakani. Yaya ta tambaye ta abin da take ci, ta hana ta ɗaukar ruwa, ta yi mata tsiyar mijinta wai hancinsa kada yaro ya gado. Ni kaɗai nake jin yadda take jan numfashi tsakanin magana da magana. Sau ɗaya yarinyar ta miƙe ta yo kaina, na buɗe hannuwana na riƙe gefen ƙofa biyu. Ta dube ni, na dube ta. Ni na yi mata kitso tana ƙarama, ni na koya mata tuƙa tuwo.

Da la'asar direban da ya kawo ta ya aiko. Ta ajiye furar a ƙasa ta ce, "Iya Ƙarama, in ta mutu ban gan ta ba, ba ni ba ke."

Na ce, "Na ji. Allah ya kai ki lafiya."

Da na shiga na tarar Yaya ta cusa gefen zane a baki don kada a ji ta.

Kwanakin da suka biyo ni na dafa maina, ni na zuba mata da ƙoƙo. In zafin ya taso takan kai hannu, in buge hannun, ta harare ni ta ce, "Wa ya koya miki rashin kunya?" Ba mai shigowa sai Babarbariyar nan. Ƙurajen sun fara kamewa a baya, na ƙirji ne suka rage, har na fara cewa a raina in sun bushe zan je Nguru da kaina in ɗauko yarinyar. Zuciyar Yaya ce ba ta jira ba. Wata safiya da hantsi na kawo mata kunu, ta kurɓa, ta ce ya yi tsami, ta jingina da bango. Shi ke nan.

Ni da maƙwabciyar muka yi mata wanka. Jikar ta iso bayan an kai Yaya makwancinta. A gidan maƙwabta ta sauka, a can ta karɓi gaisuwa, ta koma Nguru ba ta taka gidan ba, ba ta aiko a kira ni ba.

Na zauna ni kaɗai. Damina ta sauka, kogi ya cika, masu shinkafa suka yi ta wucewa ta ƙofar gida. Wata rana maƙwabciyar ta leƙo ta katanga ta ce an sauka lafiya a Nguru, namiji. A bakin direba ta ji. Ba wanda ya aiko min da goron suna.

Na je duk da haka. Na sa kayan da ba su taɓa shiga ɗakin Yaya ba, na hau mota. Gidan cike da mata, ba wadda ta san ni sosai. Uwar mijin ce ta gane ni ta ja ni har ɗakin mai jego. Tana zaune a bakin gado. Na gaishe ta da sauka, ta amsa a taƙaice ba ta ɗago ba. Da matan suka ragu sai ta ce, idonta a ƙasa, "Ta neme ni?"

Na ce, "Kullum. In ta farka sunanki take fara kira. Sannan ta ce, kada dai ki buɗe."

Ta juya fuskarta bango. Na jira, ba ta juyo ba.

Uwar mijin ta ɗauko jaririn ta sa min a cinya. Na kwance zanen da aka naɗe shi. Na duba bayan kunnensa, na duba wuya, da hammata, da ciki, na juya shi na duba baya har tafin ƙafa. Fata sumul, babu ko ɗigo. Ya yi miƙa ya buɗe baki ya yi hamma. Na naɗe shi na mayar. Uwarsa har na fita fuskarta na bango. Na kama motar yamma na dawo Gashua.

Allah ya sanyaya miki makwanci, Yaya, ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Na ga yaron. Lafiyarsa ƙalau.